Kusufin rana a lokacin karatu: a sallami yara, a tsare su a aji, ko a fito da su fili?

Kusufin rana ba ya zuwa ba zato ba tsammani. Masana taurari suna sanin ranarsa da sa'arsa, har da minti da daƙiƙa, shekaru da dama kafin ya faru. Saboda haka shugaban makaranta yana da isasshen lokacin yanke shawara, kuma shawarar ba ta wuce ɗaya daga cikin huɗu: a rufe makaranta a ranar, a tsare yara a aji a sauke labule, a raba musu tabarau na musamman a fito da su fili, ko a nuna musu hoton rana a kan takarda ko bango ba tare da sun ɗaga kai sama ba. Kowace hanya tana da masu goyon bayanta. Sai dai ba ɗaya suke ba wajen tsare idon yaro, kuma wadda ta fi kama da taka-tsantsan ita ce ta fi ba ni tsoro.

Kafin a auna su, ya kamata a san abin da ake gudu. Rana ba ta fitar da wani haske mai guba ranar kusufi. Haskenta na kullum ne, ya ma ragu tunda wata ya tare wani ɓangare. Yaron da ke wasa a fili bai ɗaga kai ba, babu abin da zai same shi. Abin da ke canzawa shi ne halin mutane. A sauran ranaku ba wanda yake da dalilin ƙura wa rana ido, in ma ya gwada, idon zai kawo ruwa ya rufe da kansa. Ranar kusufi kuwa kowa yana cewa ga wani abu can a sama, kuma idan wata ya rufe mafi yawan rana sai ƙyallin ya yi sauƙi, har yaro ya iya cije haƙora ya daure ya kalla.

A cikin ido akwai wani ɗan madubi da ke tattara haske ya kai shi kan tantanin da ke can bayan ido, wanda shi ne ke ɗaukar hoton abin da muke gani. A tsakiyar tantanin nan akwai ɗan wuri ƙarami da muke karatu da gane fuskoki da shi, kuma daidai nan hoton rana yake sauka idan an kalle ta. Hasken yana iya lalata ƙwayoyin wurin cikin daƙiƙoƙi kaɗan. Babbar matsalar ita ce tantanin ba ya jin zafi. Yaro zai kalla ya gama, ya koma wasa, ya rantse maka lafiyarsa lau, sai bayan sa'o'i ko washegari ya fara ganin wani tabo a tsakiyar duk abin da ya duba. Yara kuma sun fi manya shiga haɗari, domin madubin idonsu ya fi tsabta, haske ya fi ratsa shi. Bayan kusufin 11 ga Agusta 1999, likitocin ido a Birtaniya sun tattara rahoton mutum 70 da ganinsu ya taɓu. Adadin bai kai abin da aka yi fargaba ba, kuma yawancinsu sun samu sauƙi, amma ya isa ya nuna cewa gargaɗin ba na baki ba ne kawai.

Kada a ruɗu da cewa ai saura kaɗan ta rufe. Rana ta fi cikakken wata haske kusan sau 400,000. Ko da an rufe kashi 99 cikin 100 na fuskarta, ɗan sauran da ya rage ya fi watan daren sha huɗu haske sau 4,000, kuma ɗan sirantar nan da ake gani ƙarfinsa ɗaya ne da na rana a buɗe. Lokaci ɗaya tak ake iya kallo da ido tsirara, wato 'yan mintocin da wata ya rufe rana ruf, kuma wannan sai ga waɗanda ke cikin siririn zirin da inuwar wata ke bi a doron ƙasa. A kusufin 8 ga Afrilu 2024, wanda ya ratsa Meksiko da Amurka da Kanada, mafi tsawon duhun bai wuce minti 4 da daƙiƙa 28 ba. Wanda zai zo ranar 2 ga Agusta 2027 zai bi ta kudancin Sifaniya, Maroko, Aljeriya, Tunisiya, Libiya, Masar, Saudiyya, Yaman da Somaliya, kuma kusa da birnin Luksor na Masar duhun zai kai minti 6 da daƙiƙa 23. Amma ƙasashe da yawa da ke gefen zirin za su ga kusufin ɓangare ne kawai, kuma a wurinsu babu daƙiƙa ko ɗaya da ta halatta a kalla ba kariya. Haka ma kusufin zobe, wanda wata ke shiga tsakiyar rana ya bar da'irar wuta kewaye da shi. Aikin farko na shugaban makaranta ke nan: ya tabbatar da irin kusufin da za a gani a garinsu, da ƙarfe nawa zai fara, ya kai maƙura, ya ƙare.

Rufe makaranta ita ce shawarar da ta fi sauƙin yankewa, kuma ita ce ta fi kare makarantar daga zargi. Ko tana kare yaron, wannan wata magana ce. Yaron da aka ce ya zauna a gida, sau da yawa iyayensa suna wurin aiki, yana tare da ƙannensa da 'yan unguwa, kuma an riga an sanar da shi cewa yau wani abu mai girma zai faru a sama, har an ba da hutu saboda shi. An gudu gara an faɗa gidan zago. A makaranta akwai malamin da zai ce a sunkuyar da kai, a titi babu.

Duk da haka akwai inda rufewar take da hujja, kuma hujjar agogo ce. A 2024 kusufin ya kai maƙura da misalin ƙarfe 3 na yamma a gabashin Amurka da Kanada, daidai lokacin tashi daga makaranta. Gundumomi da dama sun ba da hutu ko sun sallami yara da wuri, hukumar makarantun birnin Toronto ma ta mayar da ranar hutun ɗalibai zuwa wannan rana, don gudun kada yara su kasance a hanya su kaɗai, ga kuma cunkoson motocin 'yan kallo. Damuwar tasu daidai ce. Amma akwai wata mafita da ake mantawa da ita: a riƙe yara har kusufin ya wuce. Jinkirta tashi da awa ɗaya, bayan an sanar da iyaye tun da wuri, ya fi sakin yara rabin awa kafin abin ya fara. In kuwa dole sai an rufe, to a yi darasin tsaro kafin ranar, a kuma aika wa iyaye takarda mai ɗauke da sa'o'in da ake buƙatar babba ya kasance tare da yara.

Tsare su a aji, wajen kare ido, babu abin da ya kai shi. An sauke labule, an kunna talabijin ko kwamfuta, yara suna kallon kusufin kai tsaye kamar yadda NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, da wasu gidajen talabijin kan watsa shi, babu idon da zai taɓu. A kusufin 20 ga Maris 2015 wasu makarantu a Birtaniya sun bi wannan hanya, iyaye da dama kuma suka yi ƙorafin an hana 'ya'yansu ganin abin da ba kullum yake zuwa ba. Ina ganin ɓangarorin biyu suna da gaskiya, bambancin yana ga shekarun yaran. Ɗan shekara 4 ko 5 ba ya riƙe umarni na minti biyu a jere, in ka ce kada ya kalli sama, ka tuna masa da sama ke nan. Wannan aji shi ne wurinsa. Amma tsare ɗan shekara 14 a bayan labule asara ce, kuma tana koya masa ƙarya, cewa kusufi wani bala'i ne da ake ɓoye masa. Sannan tsarewar ba ta cika yadda ake zato. Kusufin ɓangare yakan ɗauki awa biyu ko fiye daga farko zuwa ƙarshe. A cikin wannan lokaci wani zai nemi izinin zagayawa, wani zai ɗaga gefen labule, kuma gilashin taga ba ya tare komai. In an zaɓi wannan hanya sai an sa malami a baranda da hanyar banɗaki, an kuma matsar da lokacin tara.

Tabarau na kusufi su ne abin da kowa ke so, domin da su ne yaro zai ga rana da idonsa, ƙwallo mai ruwan lemo da aka gatsi gefensa. Na ƙwarai suna da aminci sosai. Ƙa'idar da ake auna su da ita ita ce ISO 12312-2, wadda aka fitar a 2015, kuma sun fi tabarau na rana duhu sau dubbai. Matsalarsu biyu ce, ta kasuwa da ta fili.

Ta kasuwa ita ce jabu. Rubuta lambar ISO a jikin kwali ba ya buƙatar komai sai injin buga takarda. Gab da kusufin 21 ga Agusta 2017 a Amurka, kamfanin Amazon ya aika wa masu saye saƙo cewa kada su yi amfani da wasu tabarau da ba a iya tabbatar da ingancinsu ba, ya kuma mayar musu da kuɗinsu. Ƙungiyar masana taurari ta Amurka tana ajiye jerin kamfanoni da dillalan da ta tantance, kuma makarantar da za ta saya da yawa gara ta duba jerin, ta kuma saya watanni kafin ranar, domin a makon ƙarshe ne jabu ke cika kasuwa. Idan kaya sun iso, malami ya gwada kowane ɗaya da kansa. A saka shi a cikin ɗaki: bai kamata a ga komai ba, ba kujera, ba taga, ba hannun mutum, in ban da ɗan alamar fitila mai tsananin haske. A ɗaga shi a duba ko akwai huji, karce, ko inda ledar ta saki daga kwali. Wanda ya faɗi wannan gwaji a yayyaga shi kafin a jefar, don kada wani yaro ya tsinta. A lura kuma, gwajin yana kama jabun da ya fito fili ne, ba ya maye gurbin sayen kaya daga inda aka amince da shi.

Matsalar fili ta fi wannan wuya. An yanka tabarau ɗin daidai fuskar babba, a fuskar ƙaramin yaro sai su zame, haske ya shiga ta sama da gefe. Kuma da yake ba a ganin komai ta cikinsu sai rana, yaro yakan ɗaga su ya nemo inda ranar take da ido tsirara, sannan ya mayar. A nan ake samun rauni. Maganinsa horo ne, a yi shi kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, a cikin aji, har ya zama jiki: kai ƙasa, a saka tabarau, a dafe su da hannu biyu a gefen fuska, a juya inda ake jin ɗumin rana a fuska, a ɗaga kai, malami ya ƙirga zuwa goma, kai ƙasa, sannan a cire. Mai amfani da tabarau na likita ya ɗora na kusufi a kansu. Ga yara masu ƙananan fuska, a yanka taga a faffaɗan kwali a manna tabarau ɗin a ciki, ya zama garkuwa mai rufe fuska gaba ɗaya.

Ga wani abin da zai ba wasu mamaki: tabarau kaɗan sun fi tabarau da yawa tsaro. Makarantar da ta raba wa ɗalibai 500 tabarau 500 ta sake su a fili, babu yadda malamai 20 za su lura da kowace fuska. Wadda take da guda 10 kacal, ta jera yara su zo biyar biyar gaban malami, kowa ya kalla ya miƙa wa na baya, tana ganin idon kowane yaro a lokacin da yake kallo. Kuma lokaci ya isa, tunda abin na awa biyu ne, siffar ranar ma ba ta canzawa sosai cikin minti biyar.

Gilashin masu walda yana iya zama madadi, amma sai mai lamba 12 zuwa sama, kuma 14 shi ne aka fi ambata. Da yawa daga cikin waɗanda ake aikin yau da kullum da su ba su kai haka ba, wasu ma lambar ta goge. In ba a ga lambar a rubuce ba a bar shi. Tabarau na rana ko an haɗa biyar, gilashin da aka turara da hayaƙi, faifan CD, hoton ƙashi na asibiti, baƙar leda, kallon rana a cikin bahon ruwa, duk babu mai tsare ido a cikinsu. Wasu ma sun fi ido tsirara illa, domin suna rage ƙyallin da ke sa mutum kau da kai, yayin da hasken da ke ɓarna yake wucewa.

Hanya ta huɗu ita ce na fi so a gina shirin makaranta a kanta, domin ita kaɗai ce yaro ke juya wa rana baya. A ɗauki kwali biyu. A huda ɗaya da allura, huji ƙarami mai tsabta. Yaro ya tsaya rana tana bayansa, ya ɗaga mai hujin ta saman kafaɗarsa, ɗayan kuma a ajiye a ƙasa ko a riƙe a gabansa. Ɗigon hasken da zai sauka hoton rana ne, kuma yayin da wata ke shiga, za a ga ɗigon yana komawa kamar jinjirin wata. Girman hoton yana bin tazara: a raba nisan da ke tsakanin kwalayen biyu da 109. Tazarar mita ɗaya tana ba da hoto mai faɗin kusan milimita 9. Ƙarami ne, kuma wannan shi ne raunin hanyar, don wasu yara kan ce, ashe wannan ne kawai? Faɗaɗa hujin ba ya ƙara girman hoton, dusashe shi yake yi. Amma duk abin da ke da ƙananan huji da yawa, kamar cokalin tsame abinci ko rariya mai manyan ido, zai zuba jinjirin wata barkatai a ƙasa. Inuwar bishiya mai ganye ma haka take yi ba tare da an taɓa komai ba, a shimfiɗa farin ƙyalle a ƙarƙashinta kawai. Malamin lissafi da na kimiyya suna da darasin mako guda a nan, kan yadda haske ke tafiya a miƙe, da dalilin da ya sa wata, wanda rana ta fi shi faɗi kusan sau 400, yake iya rufe ta saboda ita ma ta fi shi nisa kusan sau 400.

Kuskure ɗaya ne ke lalata wannan hanya, kuma ana yawan yin sa: yaro ya ga huji, ya kai shi ido, ya leƙa rana ta ciki. Duk wanda aka ba kwali mai huji, abin da zai fara zo masa ke nan. Saboda haka a jera su tun farko fuskarsu tana kallon inuwarsu, a ba su doka ɗaya mai sauƙin riƙewa, cewa in ba ka ganin inuwarka a gabanka to ka juya ba daidai ba. Malamai su tsaya a gabansu suna kallon fuskokinsu.

Akwai dabarar madubi, wadda ke haɗa amfanin zama a aji da na ganin abin da gaske. A samu ƙaramin madubi shimfiɗaɗɗe, a rufe fuskarsa da takarda a bar huji kamar santimita ɗaya, malami ya tsaya da shi a waje inda rana take, ya harba hasken ta ƙofa ko taga zuwa bangon aji mai ɗan duhu. A nisan mita 10 hoton zai kai kusan santimita 9, aji guda ya gani a tare suna zaune. Hoton zai riƙa gusawa a hankali saboda juyawar duniya, sai an riƙa gyara madubin. Madubin ya tsaya a hannun malami, kuma kada kowa ya ratsa ta hanyar hasken yana kallon madubin. Wannan ita ce amsar ajin ƙananan yara. Madubin hangen nesa kuwa, babba ko ƙarami, kada a kawo shi kusa da yara sai in akwai ƙwararre da matatar haske ta musamman a bakin gaba. Leƙa shi sanye da tabarau na kusufi haɗari ne babba, domin hasken da ya tattara zai ƙona ledar tabarau ɗin nan take ya isa ido. Wayar hannu ma a ajiye ta, saboda mai ɗaukar hoto yakan saita ta ne da idonsa.

In ni ne zan tsara, ajin rainon yara da farkon firamare su zauna a ciki da madubi ko talabijin. Sauran 'yan firamare su fito aji aji, na minti goma ko sha biyar, da kwali da inuwar bishiya. 'Yan sakandare su fara da kwali, sannan su bi layin tabarau in an samu na ƙwarai. In ba a samu ba, ba a rasa darasin ba. Abin da zai iya sauya wannan tsari shi ne yawan manya: makarantar da malami ɗaya ke riƙe yara 80 ta tsaya kan madubi, ko ta gayyaci iyaye su zo su taya tsaro. Yaron da aka yi wa aikin ido, ko aka ɗiga masa maganin buɗe ƙwayar ido, ko wanda ba ya iya bin umarni saboda wata lalura, a ba shi babba nasa shi kaɗai. Makarantar da ke cikin zirin cikakken kusufi kuma tana buƙatar mutum ɗaya mai agogo da usur, wanda ya san daƙiƙar da duhu zai fara da wadda zai ƙare, ya busa a cire tabarau bayan hasken ƙarshe ya ɓace, ya sake busawa a mayar tun kafin rana ta leƙo. Hadari ko hazo ba kariya ba ne, siririn gajimare yana sa a ji daɗin kallo ne kawai.

Washegari da safe, kafin a fara darasi, kowane malami ya sa yara su rufe ido ɗaya su karanta allo, sannan su rufe ɗayan. A tambaye su ko akwai mai ganin tabo ko dishi-dishi a tsakiya, ko layin da yake a miƙe ya zama karkatacce, ko launuka sun sauya. A yi tambayar ba da faɗa ba, domin yaron da ya saɓa doka ya kalla zai ɓoye in ya ga bulala a gaba. Wanda ya amsa da e, a sanar da iyayensa a kai shi wurin likitan ido a ranar. Babu wani tabbataccen magani na wannan rauni, da yawa suna samun sauƙi cikin wata 3 zuwa 6, wasu kuma tabon yakan zauna, amma likita ne zai tantance ko ranar ce ta jawo ko wata cuta ce daban da take da magani.